Masarar Shekara ta Biyar

Laminu ya tsuguna ya tuge tsiro ɗaya, ya biyo hannunsa ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta ruɓe. Ya tuge na biyu, shi ma haka. Rabin gonar ko tsira bai yi ba, irin ya narke a cikin ƙasa.

Dunoma, mai gonar, yana tsaye da fartanya a kafaɗa. Damina ta biyar ke nan tun da Laminu, malamin gona, ya shawo kansa ya ba da fadamarsa ta Katuzu aka yi gonar gwaji: masara zalla kowace shekara, taki kyauta, da allon gwamnati. Kafin nan juyawa tsohon yake yi, bana dawa, baɗi wake. A lokacin Laminu ya ce masa wannan noman dā ne.

"Malam, kwana goma ya rage," in ji Dunoma. "In wake bai shiga ƙasa ba, bana sai dai iyalina su ci allon."

Laminu ya naɗe tsiron a jarida, ya koma Gashua, ya shiga a-kori-kura zuwa ofishinsu da ke Nguru. Akuyar wani ta yi masa fitsari a takalmi, bai janye ƙafar ba.

Shugabansa, Mista Adebayo, ya shekara ashirin a Arewa, Hausarsa har da gishiri. Ya juya saiwar da kan biro.

"Cutar cikin ƙasa ce. Masara take ci, ku kuma kowace shekara kuna kai mata tuwo har gida." Ya jawo wata sabuwar takarda daga kwali. "Ga abin da masana suka gano. A riƙa sauya shuka. Bana hatsi, baɗi wake ko waken soya."

Laminu ya karanta. An buga ta da launi uku.

"Ke nan ya shuka wake, Yallaɓai?"

"A'a. Fayil ya ce masara, shekara biyar. In za a canja sai Maiduguri ta sa hannu."

"Yaushe?"

"Wata uku, in an yi sauri. Ka karɓi iri a sito ku sake shukawa."

"Zai ruɓe."

"Zai ruɓe bisa ƙa'ida. Amma in masu duba aiki suka tarar da wake, ni da kai ne za mu ruɓe." Ya tura masa kwalin. "Guda ɗari biyu. Ka raba wa manoma, suna bukatar wayar da kai."

A hanyar dawowa Laminu ya zauna a kan kwalin. Ya nemi haushi a ransa bai samu ba, ya nemi kunya, ita ma ba ta nan. Yunwa kawai yake ji.

Bayan la'asar ya sami Dunoma a bakin gona. Ya ajiye buhun irin masara a gabansa.

"Baba, gobe ka shuka wakenka."

"Manya sun yarda?"

"Ban ce ba."

Dunoma ya dube shi, ya dubi buhun. "Wannan fa?"

"Shuka layi uku nan bakin hanya, inda tudu yake. Sauran ku wanke maganin... a'a, kada ku ci, an barbaɗa masa guba. Ka ɓoye shi."

"In suka zo dubawa, Malam? Aikinka fa."

Laminu ya kalli hanyar, ya auna da ido iya inda mutum zai hango daga kujerar baya.

"Ka yi huɗu," ya ce. "Ba sa saukowa daga mota."