Shekarar da Gora Ta Yi Fure

Dikko mai fito ne a wani ƙauye da ke gaɓar gulbi, kusa da Bakura. Kwalekwale ɗaya gare shi, sai garka a bayan gida, inda gora ta yi duhu har ta ninka ɗakinsa tsawo. Mahaifinsa ne ya zo da saiwarta daga kudu tun Dikko bai yi wayo ba. A jikinta yake saro sandar tuƙi, maƙwabta kuma su samu ta rufin rumbu.

Ya san halinta sarai. Da rani kaɗai yake sara, kuma sai wadda ta shekara uku. Kafin damina ya zuba mata kashin awaki da toka, ya gyara shingen ƙaya saboda dabbobi na son sabon toho. Ban ruwa kuwa bai taɓa yi ba. Kowace shekara gulbi kan cika ya malalo har bakin garkar, ya yi kwanaki, ya koma ya bar laka.

Shekarar da aka tare gulbi a Bakolori, ruwa bai hau ba. Ta biyu ma haka. Mutane suka koma ƙetarawa da ƙafa, wando a naɗe. Dikko ya jawo kwalekwalensa ya kife ƙarƙashin tsamiya. Ya samo garwa biyu, kullum da safe ya ɗebo daga rijiya ya zuba wa gorar. Ƙasa ta shanye kamar ba a zuba ba. Da damina ta zo, toho huɗu kaɗai ya fito, sirara kamar kara.

A shekara ta uku matarsa Lantana ta shigo da sauri ta ce, “Malam, taho ka gani! Gorakka ta yi fure.”

Ga shi nan kuwa, curi-curi a kowace gaɓa, mai ƙaiƙayi. Mata suka yi ta leƙowa ta kan danga suna barka. Dikko ya yi murna, ya ɗauka wahalarsa ce ta biya. Sai tsohon limamin garin, Liman Sallau, ya zo da sandarsa, suka gaisa, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, “Dikko, na taɓa ganin wanga abu sau guda, ina saurayi, can ƙasar Gwari. In gora ta yi fure bankwana take yi. Har saiwa za ta mutu. Ka tara irin, shi kaɗai za ta bar maka.”

Haka aka yi. Kafin wata uku ganye ya zube, sanduna suka yi fari. Dikko ya shimfiɗa tabarmi a gindinta yana kakkaɓo iri, ƙanana kamar alkama, yana kokawa da tsuntsaye da ɓeraye. Abin da ya samu bai cika moɗa ba. Ya haɗa ƙasa da taki a fasassun tukwane, ya shuka, ya yi musu rumfa. Goma sha ɗaya suka tsiro.

Da bazara rijiyar gidan ta ƙafe. Lantana ta koma tafiya cikin gulbi, ta tona yashi, ta jira ruwa ya taru, ta ɗauko tulu guda. Wata rana ta tarar Dikko ya juye rabin tulun a tukwanensa. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, “Malam, wuyana ya gaji. Mi za mu sha, mi zan dafa da shi?”

Daga ranar sai ruwan alwalarsa yake tara wa shukokin a kasko. Bai isa ba. Suka riƙa bushewa ɗaya bayan ɗaya, har saura uku.

Hatsi ya ƙare a rumbu, don fadamar da suke nomawa ma ta daina bayarwa. Ƙaninsa Hayatu ya samar masa aikin yashe magudanar ruwa a gonakin Talata Mafara. Ranar tafiya ya ja Lantana zuwa rumfar, ya nuna mata yadda za ta zuba a gefe, ba a kan toho ba. Ta ce to.

Watansa biyu yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana kwashe laka da shebur. Ran nan Hayatu ya dawo daga gida, ya same shi a bakin aiki. Suka gaisa, Dikko ya tambayi lafiyar Lantana, ya tambayi ta Liman, sannan ya tambayi shukokinsa.

Hayatu ya ce, “Yaya, Lantana ta yi ƙoƙari. Gara ce ta cinye biyu. Ta ukun ta bushe ranar Lahadi.”

Dikko ya ce, “Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.”

Ya tsaya kaɗan, har mai duba aiki ya ɗaga murya daga kan gada. Ya sunkuya ya ci gaba da yasa.