Curin Kakin Oma Hertha

Oma Hertha, kakata ta wajen uba, tana da curin kakin zuma a akwatin ɗinkinta, kamar kowace tsohuwa a kwarinmu. Da shi take goge zare don kada ya tsinke. Nata dai bai taɓa ƙarewa ba, kuma ya fi na kowa nauyi. Da ya soma ramewa sai ta narka sabon kaki ta ƙara lulluɓe shi. Ina ƙarama na taɓa ɗaukarsa, ta buge mini hannu, ita da ba ta taɓa dukana ba.

A watan da za ta bar gona ta koma gidanmu a birnin Blumenau, don gwiwoyinta sun daina yarda da hawan tudu, na je taya ta haɗa kaya. Muna naɗe barguna ta tashi ta rufe taga. Haka take yi duk sanda za ta yi magana da harshen iyayenta, ko da kaji ne kawai a waje. Ta ɗora curin a tafin hannuna, ta ce in raka ta gada mu jefa shi a kogi.

Na tambaye ta me ke ciki. Ta ce lambar mahaifinta ce, irin ta ƙarfe da ake ba mutum don girmamawa, wadda ya zo da ita daga Jamus yana saurayi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka hana Jamusanci a ƙasar nan, wasu masu kayan sarki suka zo gona suka tafi da shi. Ya dawo a rame, an ɗura masa baƙin mai, cikinsa bai sake daidaita ba har ya mutu. A ranar da aka kama shi mahaifiyarta ta tsoma lambar a kaki. Oma tana ƙarama, kallo ɗaya ta yi mata: wani mutum mai gashin baki da rigar soja. Ba wanda ya sake ta da zancen. Ita ta haɗa sauran a ranta, cewa mahaifinta na shugaban nan ne na Jamus da ya ƙone duniya da yaƙi, shi ya sa aka zo masa.

"Ba na so bayan na mutu wani ya narka shi ya ga ko wane ne Baba," in ji ta.

Ni kuwa na ƙi. A makaranta an sha kirana Bajamusa mai cin dankali, ban taɓa sunkuyar da kai ba. Da na shiga jami'a, Jamusancin da aka tsoratar da gidanmu a kansa shi na zaɓa na karanta, da gangan. Na ce mata idan abin kunya ne, zan kalle shi da idona tukuna, sannan in jefa shi da hannuna. Amma ba zan binne mutum a kan gashin baki ba.

"Ke dai farfesa, komai sai kin karanta," ta ce. "Har kogi ma sai ya nuna miki takarda."

Ta yarda, bisa sharaɗin idan an tambaya in ce tsintarsa muka yi.

Ranar Asabar muka je shagon Dona Ilse, mai saye da sayar da tsofaffin kuɗaɗe da lambobi. Oma ta sa rigarta ta coci, ta zauna a kujera ta juya mana baya, tana kallon titi. Dona Ilse ta auna curin a hannu, ta ce ta ga lambobin da aka ɓoye a tulun kitse, da waɗanda aka binne a gindin lemo, amma ba ta taɓa ganin wadda ta yi aikin ɗinki ba. Ta sa shi a ruwan ɗumi. Kakin ya riƙa saki a hankali, sabo mai haske a sama, can ƙasa wani baƙi-baƙi cike da sawun zare, na hannun mahaifiyar Oma, matar da ban taɓa gani ba. Shagon ya ɗauki ƙamshin zuma.

Azurfa ce. Mutumin yana nan da gashin bakinsa, amma nasa dogo ne, ya lanƙwashe sama. Kusa da kansa kuma akwai kan mace, wadda Oma ba ta taɓa ambata ba. Dona Ilse ta miƙo mini gilashin ƙara girma ta ce tunda ni ce mai harshen, in karanta da kaina. Sarkin Jamus ne na da can da matarsa. Na juya bayan, na karanta, na sake karantawa. Addu'a ce da nasiha ga ma'aurata, a kan haƙuri da wuya. Dona Ilse ta ce irin wannan ake ba miji da mata da suka cika shekara hamsin da aure, tun kafin yaƙin duniya na farko. Wancan mutumin da ya ƙone duniya, a lokacin ba wanda ya san da shi.

"Oma, juyo," na ce. "Lambar aure ce."

Ba ta juyo ba. Ta tambayi auren wa. Muka yi lissafi tare, ya faɗa kan kakannin mahaifinta, waɗanda suka rene shi bayan rasuwar uwarsa. Ta san sunayensu, ta faɗe su ƙasa-ƙasa. Can ta ce, to me ya sa aka kama shi? Dona Ilse ta ce nata kakan an kama shi ne don an ji yana yi wa dokinsa magana da Jamusanci, dokin kuma ba ya jin wani yare.

Oma ta yi wata 'yar dariya, sannan kafaɗunta suka soma rawa. Na durƙusa na riƙe hannayenta har ta natsu.

Da aka zo maganar daraja, Dona Ilse ba ta ɓoye ba. An buga irinta da yawa, kuɗinta ba zai wuce na takalmi mai kyau ba, ko da yake kakin ya kiyaye ta fiye da kowace da ta gani. Ta ce idan muna so za ta saya. Na buɗe baki ke nan Oma ta riga ni.

"Takalmi ina da shi, 'yar nan. Tattaro mini kakina ma, bai mutu ba."

Da muka koma gona ta dafa kofi, ta yanka mana wainar ayaba. Ta ajiye lambar a kan tebur, ta daɗe tana shafa kan matar da babban yatsa. Ta ce ta yi wa mahaifinta addu'ar neman gafara tun tana yarinya, a kan laifin da bai yi ba, kuma ba ta tsammanin an yi asarar addu'ar, don akwai wasu laifuffukan, mutum ne mai saurin fushi.

Sannan ta ce in sake karanta mata rubutun. Na soma, ƙasa-ƙasa, taga a rufe, yadda muka saba.

"Tsaya, farfesa."

Ta dafa tebur ta miƙe, ta taka zuwa taga, ta tura ta waje har ƙyauren ya bugi bango, kaji suka watse. Ta dawo ta zauna.

"To, ɗaga murya. Kunnena ba kamar da ba ne."