Takalman da Ba Su Taɓa Ƙasa Ba

Ranar yanke hukunci, Baduku ya iso kotu da buhu a kafaɗa. Ɗan sandan ƙofa ya tare shi.

"Baba, nan fa ba kasuwa ba ce."

"Na sani, ɗana. Shaiduna ne a ciki."

Shekara ashirin da shida ke nan da aka sace masa 'ya a bakin shagonsa, tana da shekara huɗu. Sai bara aka gano ta a wani gari mai nisa, har da 'ya'yanta biyu. Direban da ya ɗauke ta ya amsa laifinsa. Abin da ya rage, a ɗaure shi ko a sallame shi ya koma gida.

Lauyan direban ya miƙe ya yi ta zuba. Wai mutumin ya tsufa, ga ciwon gwiwa, abu ya daɗe da wucewa, yarinya kuma ga ta nan garau, ba a rasa komai ba.

Alƙali ya tambayi Baduku ko yana da magana. Tsohon bai yi sauri ba. Ya durƙusa, ya kwance buhu, ya shiga jera takalma a gaban teburin, daga ɗan mitsitsi kamar tafin hannu har zuwa na babbar mace.

"Ranka ya daɗe, ni ban iya doguwar magana ba. Duk shekara nakan ɗinka mata ɗaya, in ɗan ƙara girma. Wannan na shiga makaranta ne. Wannan jan na ranar aurenta. Uwarta ta rasu ina kan na goma sha tara. Juya ƙasansu ka gani, babu wanda ya taɓa taka ƙasa. Lauya ya ce ba a rasa komai ba. To ga shi nan."

Aka miƙa wa alƙali ƙaramin. Ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Direba ya sunkuyar da kai.

Shekara goma sha biyar aka ba shi, babu zaɓin tara.

Da aka fito, 'yar ta zauna a kan matakala, ta cire takalminta, ta zura na ƙarshen. Ya zauna mata cif.

"Baba, sai ka ce ka auna!"

Baduku ya danna bakin takalmin da babban yatsa, ya gyara hularsa.

"In auna me? Ƙafar uwarki ce da ke. Tashi ki taka, mu je gida."