Ranar da Direba Ya Kuskure Zobe

Da can jiragen ƙasa huɗu ke tsayawa kullum a tashar da Masta ke shugabanta: biyu na fasinja, ɗaya na kaya, ɗaya na wasiƙu. Har da tankin ruwa na shayar da tsofaffin injuna. Yanzu tankin ya zama gidan tantabaru, jirgi ɗaya ya rage, shi ma ba ya tsayawa sai a tasha ta gaba, wadda ƙaninsa Auta ke riƙe da ita. Auta fa! Wanda Masta ya koya wa riƙon tuta.

Aiki ɗaya ya rage masa. Layin guda ne, ba jirgin da ke wucewa sai da zoben izini, wani zoben ƙarfe mai faɗin faifai. Masta ya ɗaga shi a bakin layi, direba ya zura hannu ya fizge a guje. Shekara bakwai ba a taɓa kuskurewa ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin ransa Inna ce, mahaifiyarsu. Duk sanda ta dawo daga asibitin birni, wajen Auta take sauka.

"To, can jirgin ke tsayawa," in ji ta.

Shi sai dai ya hango ɗankwalinta ta taga, fiu, ya wuce. Kishi ne, bai ma iya ɓoye shi ba.

Ranar Talata ya samu labari tana cikin jirgin. Ya sa matarsa ta share ɗakin baƙi, aka shimfiɗa sabuwar tabarma. Da jirgi ya ƙarato, Masta ya ɗaga zobe, sannan ya sauke hannu taƙi ɗaya. Direba ya damƙi iska. Birki ya yi ƙara, tantabaru suka watse, jirgi ya tsaya cak.

Direba na ta sababi, Masta ko waiwaye bai yi ba. Ya bi tarago tarago har ya same ta.

"Inna, ga shi ya tsaya. Sauko, an gyara miki ɗaki."

Ta leƙo, ta dubi tashar, ta dube shi.

"Allah ya yi maka albarka, Babba. Amma yi maza ka ba mutumin nan zobensa. Ƙaninka na can yana jirana cikin rana."

Masta ya taka har gaban injin, ya miƙa zoben da hannu biyu.