Amfilifayar Ɗakin Amarya

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina gyaran rediyo a Gwarzo, a wani ɗan shago kusa da tasha, kuma in akwai abin da na tsana a sana'ar nan, to wannan akwatin ne da ake kira hom tiyata. Akwati ɗaya an cusa masa komai a ciki: rediyo, wurin sa faifai, abin ƙara sauti, ga fitilu ja da shuɗi suna ta walƙiya kamar motar biki. Ranar da abu ɗaya ya mutu a cikinsa, duka sun mutu. A bayan shagona sun fi ashirin a jibge. Masu su sun kawo gyara, na buɗe, na rufe, na ba su haƙuri.

Shi ya sa da aka sa ranar auren 'yata da wani malamin makaranta a Kabo, Sharfaddeen, na ce wannan tarkacen ba zai shiga ɗakinta ba muddin ina numfashi.

Sunanta Fiddausi. A takarda nake iya rubutawa, amma bakina bai taɓa furta shi ba, don ita ce 'yar fari. Haka muka tarar a gidanmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama hira da shi, in da saƙo sai a bi ta bakin wani. In ta gaishe ni, ina amsawa ina kallon wani wuri. Mahaifiyarta Sa'a ma haka ta yi har Allah ya karɓi ranta. Duk maganar da za ta shiga tsakanina da yarinyar, ta bakin yayata Hajaratu take bi. Amma ina da ido. Tun tana ƙarama nakan gan ta ta gefen ido a gaban ƙaramin rediyona da ke ɗakin uwarta, ta ɗaga farin ƙyallen da Sa'a ta saƙa da kwarashi take rufe shi, tana murɗawa tana neman tasha. Ban taɓa ce mata komai ba, sai dai na riƙe a raina cewa in za ta bar gidana, da sauti za ta tafi, kuma na hannuna.

Wata takwas ina harhaɗawa. Amfilifaya na samo tsohuwa mai nauyi, irin wadda in ka ɗaga sai ka yi nishi, na kwance ta na canja duk abin da ya gaji. Na haɗa mata rediyo daban, na'urar faifai da ke karɓar memori daban. Lasifika biyu kuwa, Martins kafinta, maƙwabcin shagona, shi ya buga mini akwatunansu da katakon maɗaci. Ranar da muka gwada, mai shayin tsallaken titi sai da ya bar tukunyarsa ya zo leƙe.

Saura sati biyu biki Yaya Hajaratu ta zo shago ganin kayan, don ita ce shugabar 'yan jere, matan da za su je su shirya ɗakin amarya. Ta zagaya su sau biyu tana taɓe baki.

"Haladu, wannan ne kayan?"

"Su ne, Yaya."

"Ɗaya baƙi, ɗaya ruwan toka, ɗaya kamar an tsamo shi daga rijiya. Ga waya kamar taliya. Wai so kake matan Kabo su ce gwanjo muka kwaso wa 'yarmu?"

"Yaya, ki tsaya ki ji sautin tukuna."

"Masu ganin ɗaki da ido suke zuwa, ba da kunne ba. Ɗakin 'yar ƙawata Asibi da muka jera a Getso, hom tiyata aka sa, sabo fil daga kwali, har da rimot. Kowa ya shiga sai ya ɗauki hoto."

Na ja ta zuwa bayan shago na nuna mata jibgin gawarwakin. Na ce ga irin na ɗakin 'yar Asibi nan, wasu ko shekara ba su rufa ba. Na ce nawa in abu ɗaya ya lalace, shi kaɗai za a cire a gyara, sauran suna aiki. Ta kalle ni irin kallon da take yi mini tun ina yawo ba wando, ta ce, "Kai dai ka so a ce aikinka ne." Ta faɗi gaskiya, shi ya sa maganar ta ƙona mini rai.

Da muka kasa, aka ce a tambayi mai ɗakin. Washegari Yaya ta dawo fuska a murtuke.

"Ta ce na babanta take so. Kun huta."

Ranar nan har kuɗin gyara na yafe wa wani. To amma sai ga inda gizo... a'a, bari in faɗa a sarari: jere aikin mata ne. Namiji ba ya shiga, balle uban amarya, balle uban 'yar fari. Kayan da na yi wata takwas ina lallaɓawa, hannun mutanen da ba su san bambancin wayar wuta da ta lasifika ba za su shiga. Sai na zauna na naɗa wa kowace waya salatif mai launi, ja ya shiga ja, kore ya shiga kore. Na zaunar da Yaya na yi mata karatu. Kada a ɗora komai a kan amfilifaya. Kada a sa ta cikin kabet mai gilashi a rufe. Tana ɗaukar zafi, waɗannan ramukan na samanta ta nan take shan iska, kada a rufe su da komai. Sau uku na maimaita. Tana ta "to, to", tana ƙirga kwanukan da za a tafi da su.

Ita yarinyar tana tsakar gida a lokacin, ana yi mata lalle, taku goma ne tsakanina da ita. Na wuce ta gabanta, ta ce, "Sannu, Baba," na ce "yauwa" ina kallon katanga.

Kwana biyu da kai amarya, da hantsi, sai ga Yaya Hajaratu a ƙofar shago, ko sallamar kirki babu.

"To, kayanka sun yi abin da suka iya. Jiya da rana ɗaki cike da dangin ango, an tada injin wuta, ana ta jin waƙa, sai wari, sai hayaƙi. Mata suka yi waje da gudu, wata har ta bar takalmi. Allah ya so na san hali, na riga na sayi hom tiyata na ɓoye a gidan maƙwabta. Shi ya fitar da mu kunya."

Na tambaye ta:

"An rufe ta da wani abu?"

"Ni ina zan sani? Mu mun jera yadda zai yi kyau, mun tafi."

"Sau nawa na gaya miki? Sau nawa, Yaya?"

"Kada ka ɗaga mini murya, ni na goya ka."

Na ɗaga ɗin. Na ce da gangan ta yi, don a sa nata. Na faɗi maganganun da bai kamata ƙane ya faɗa wa yayarsa ba, har Martins ya ajiye zarto ya shigo yana cewa, "Malam Haladu, don Allah, mutane na ji." Ta tafi tana kuka. Sati shida ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa a tsaye. Kullum in na buɗe shago sai in tuna cewa can a Kabo akwatin nan mai walƙiya yana zaune a ɗakin 'yata, a wurin da na auna da zuciyata, kuma matan garin suna ba da labarin uban amarya mai gyaran rediyo da kayansa suka kusa ƙone gida. Abinci ma ba ya yi mini daɗi.

Ranar wata Laraba bayan azahar, ina fama da wata tsohuwar talabijin, mai babur ya tsaya a ƙofa. Fiddausi ce ta sauko, zuwanta gida na farko tun bayan biki, rungume da abu mai nauyi a cikin zani. Ba ta taɓa shigowa shagona ba. Ta ajiye a kan tebur, ta durƙusa ta gaishe ni. Na amsa ina kallon talabijin, kamar yadda na saba.

Ba ta tashi ba.

"Baba, ba Gwaggo ba ce."

Na ajiye abin da ke hannuna.

"Su a fili suka ajiye ta. Bayan sun tafi ni na rufe ta."

Ta kwance zanin. Amfilifayata ce, kuma a samanta, manne da ramukan iskar, ga farin ƙyallen Sa'a. Tsakiyarsa ta ƙone ta yi baƙi, zaren ya narke ya kama ƙarfe, gefe-gefen ne kawai suka rage da ɗan furen da take saƙawa a kowace kusurwa.

"Shi kaɗai na ɗauka a kayan Inna," in ji ta. "Na ga shekara da shekaru da shi take rufe rediyonka, ba ka taɓa hanawa ba. Na ce abinka ne mafi daraja a ɗakin, shi ya kamata ya samu."

Ƙaramin rediyo mai batir ba ya ɗaukar zafi, ko bargo aka lulluɓa masa. Wannan magana ce ta minti ɗaya. Na gaya wa Yaya sau uku, na gaya wa Martins, har mai shayi ya san amfilifaya tana shan iska ta sama. Mutum ɗaya ce a garin nan ban gaya wa ba, ita ce mai ɗakin. Haushin da na yi sati shida ina ɗora wa Yaya ya juyo kaina gaba ɗaya.

"Da na sani, wallahi da ban rufe ba," ta ce. "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Na ɗauko sukundireba na fara kwance murfin a hankali, don kada sauran ƙyallen ya yage. Da na leƙa ciki, abu biyu ne kawai suka ƙone, kuma ina da irinsu a durowa. Kafin la'asar za ta tashi, kamar yadda na yi ta cika baki. Ƙyallen kuwa na ɓamɓare shi na shimfiɗa a tafin hannuna, na juya shi gaba da baya. A duk kayan aikin shagon nan babu wanda zai mayar da shi.

Na ja ɗayar kujerar da ƙafa zuwa gefen tebur.

"Fiddausi," na ce, "taso ki zauna nan. Kin ga waɗannan ramukan?"