Rahoton Dajin Kawu Uwaisu

A bazarar 1976, lokacin da zafi ya ƙone ciyawar London ta koma ja, Alhaji Uwaisu ya sa aka kira masa 'yar ƙanwarsa Karimatu zuwa flat ɗinsa na unguwar Marylebone. Shekararta uku tana karatun tsirrai a jami'a. Shi kuwa kwangilar siminti ce ta ɗaga shi.

Ta tarar da shi da wani Bature dillalin tumaki suna cin naman rago, maiƙo na bin haɓar baƙon.

"Karima, zauna," in ji Alhaji. "Gonar tumakin ulu zan buɗe a dajin bayan garinmu, har na yi order ɗin dubu biyu. Hukuma na son rahoton masani cewa ba abin amfani a dajin. An rubuta, hannu kawai za ki sa."

Ta karanta shafin har ƙarshe.

"Kawu, ba abin amfani? Ɗorawa fa, da kaɗanya, da taura? Ciyawa kaɗai iri talatin na tsinto a wurin, tun daga gamba har harƙiya. Manomin da na zauna wurinsa a Wales ma bai yarda a taɓa masa ciyawar asali ba, ya ce ita ke riƙe ƙasa da tumakin."

Baturen ya yi dariya da nama cike da baki, ya turo mata hotuna da yatsu masu maiƙo. Katafila biyu ne ke jan sarƙa a tsakaninsu. Itatuwa a kwance, saiwoyi a sama. A hoto na uku ga gawar wata gada da katafila ta taka, leburori sun tsaya kanta suna murmushi.

"Tun watan Maris aka yi clearing," in ji Alhaji. "Takardar cika ƙa'ida ce kawai."

Ta ajiye alƙalamin, ta goge hannunta a gefen mayafi.

"Ka yi haƙuri, Kawu. Ba da sunana ba."

"Boko ya kumbura miki kai," ya ce, ya ci gaba da cin abincinsa.

Bayan sati biyu ta ji cewa Ephraim, ɗan ajinsu, ya sa hannu. Ta daina amsa gaisuwarsa.

Da ta koma gida bayan shekara biyu ta je wurin. Sau ɗaya aka yi wa tumakin aski kafin zafi da kaska su ƙarar da su. Ruwa ya zaizaye filin, sai tumfafiya jefi-jefi.