Ƙarƙashin Ɗankwalin Malama Jannatu

A unguwarmu ta nan Haɗeja, idan uwa za ta yi wa 'yarta faɗa a kan yawo da kai a buɗe, da ni take kafa misali. "Ba ki ganin Malama Jannatu? Ko a tsakiyar mata ba ta cire ɗankwali." Ni kuwa in na ji sai in sunkuyar da kai, in ce Allah ya sa mu dace. Gaskiyar magana, ba tsoron Allah ne ya ɗaure min kai haka ba. Amosani ne.

Ba irin ɗan amosanin nan da ake kaɗewa da hannu ba. Nawa in na tsefe kai na sosa a kan baƙin zani, sai ka ce dusa aka sheƙe. Tun ina sakandare ya fara, bayan rasuwar mahaifiyata. Ita ce take yi min kitso, duk Juma'a ta kafa ni a tsakanin gwiwoyinta, ta wanke, ta taje, tana ba ni labarin mutanen da ban sani ba. Da ta rasu aka kai ni wajen wata mai kitso a bayan gidanmu. Matar tana buɗe kaina ta ɗaga murya a gaban layin mata ta ce, "Kai! Wannan kan ai sai a kira kaji." Aka yi dariya. Ban sake bari hannun wani ya taɓa min kai ba. Na koyi kitsa kalaba da kaina, a ɗaki, ƙofa a rufe.

Dabarata mai sauƙi ce, kuma ni a ganina ta masu ilimi ce, tunda har a makarantar firamare nake koyarwa. Abu ya bushe yana zuba, to maganinsa mai. Sai in lafta man kaɗanya, in bi da basilin, in ƙara da man shanu in an samu. Wanki kuwa sai kitso ya tsufa. In na wanke ba na tsayawa ya bushe, don kada wani ya shigo ya gani, sai in ɗaure shi da jiƙarsa, in ɗora hula, in ɗora ɗankwali, in ɗora hijabi. A zafin Haɗeja. Idan ƙaiƙayi ya taso ina tsakiyar aji, ba damar susa, sai in ɗan bubbuga kan da tafin hannu kamar mai tuna wani abu. A raina babu wanda ya taɓa lura.

Ana haka Abdulfattah ya fito neman aurena, mutumin kirki mai noman shinkafa a fadamar wajen Miga. Mahaifiyarsa Hajiya Kulu ce ta nuna masa ni. Duk inda ta zauna sai ta ce ta samo wa ɗanta yarinya mai kamun kai. Ina jin daɗin maganar har ranar da aka sa biki, na tuna da abin da na manta. Dangin mahaifiyata Barebari ne, kuma a gidansu ba a kai amarya sai an zaunar da ita a tsakar gida, an tsefe mata kai, an wanke a gaban mata. Uwar ango ce take zuba ruwan farko, da hannunta, tana tsaye a kanki. Matar da take yawo da sunana a gari za ta leƙa ta ga gonar da nake nomawa.

Na koma waya neman magani. Wata ta ce ruwan albasa. Na matse albasa na shafa, washegari a aji wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko an fara raba abinci ne. Wata ta ce jar kanwa. Kanwa ta ci min fata har na yi salla ina hawaye, ƙanwar babana ta gani ta ce wa mutane ai Jannatu in tana salla kuka take yi. Aka ƙara min daraja a unguwa.

Ta ƙarshe ita ce mai ƙwai. Ta ce a fasa ɗanyen ƙwai a cuɗe gashi da shi. Abin da ba ta faɗa ba, ko ta faɗa ni ban ji ba, shi ne da ruwan sanyi ake ɗaurayewa. Ni da nake son aiki ya yi kyau sai na tafasa ruwa, na ɗan sirka, na sheƙa. Ƙwai ya dahu a kaina.

Ina durƙushe a bayan ɗaki ina tsince farin ƙwai daga gashi sai na ji an ce, "La ilaha illallahu. Jannatu, karin kumallo kike yi da ka?"

Ya Falmata ce, ƙanwar mahaifiyata. Daga Birniwa ta taso tun biki da sauran makonni, wai kogi ya fara cika, ba za ta zauna ruwa ya yanke hanya a aurar da 'yar yayarta Zainaba ba ta nan ba. Na rarumi zani zan rufe kai, ta buge min hannu. Ta ja ni cikin rana, ta zaunar da ni, ta raba gashin da yatsa tana dubawa. Na jira dariya. Ba ta yi ba.

"Yaushe rabon kan nan da ya ga rana?"

Na ce na manta.

"Wannan man fa? Miya za ki yi?"

"Ya Falmata, ai bushewa yake yi."

"Bushewar me? Amosani ne, ke kike ciyar da shi. Kin ba shi mai, kin ba shi gumi, kin rufe masa ƙofa. Ko ni aka yi wa haka ba zan tashi ba."

Ranar ta kwashe kwalaben maina ta zuba a kwando ta rataye can sama. Ta tara ɗankwalayena da huluna da rigar matashi ta ce a wanke a shanya, mataji kuma ta jiƙa shi a ruwan zafi da sabulu. Ta aika aka tsinko ganyen magarya, ta daka, ta kaɗa a ruwa har ya yi kumfa. Na ce mata da wannan fa ake wankan gawa. Ta ce, "To kan naki rai gare shi?" Ta wanke da shi, tana murza fatar da tsokar yatsu, ba da farce ba. Ta bi da ruwan karkashi mai yauƙi don gashin ya warware, ta ɗauraye tas. Sannan ta ajiye ni a kan tabarma a tsakar gida, kai a buɗe, ta ce kada in motsa sai ya bushe har gindinsa. Na zauna ina kallon ƙofa kamar wadda ta yi sata.

Haka muka riƙa yi sau biyu a mako. Da ta ga wajen ƙeya ya yi taurin kai, ta ce in je kemis in sayo shamfun amosani, a riƙa bari ya ɗan jima a kai kafin a wanke. Ita ba ta da faɗa da na zamani, in ji ta, da ƙazanta take faɗa. Mai kuwa ɗan kaɗan take lakata, a jikin gashi kawai, ba a fata ba. Ƙaiƙayi ya kwanta. Na fara barci ba tare da na farka ina yaƙushin kaina ba. Amma amosanin shekara da shekaru ba ya tafiya don an sa ranar biki. Ana gobe wankin kai na duba madubi, ga shi nan a gefen kunne da tsakiyar ka, ya ragu amma yana nan.

Na ce, "Ya Falmata, ko za a ce ba ni da lafiya, a yi wankin a ɗaki?"

"An wanke na uwarki a tsakar gida, ni na riƙe mata ƙwarya. Naki ma a nan za a wanke."

Washegari da hantsi gida ya cika. Ruwan sama ya sauka da asuba, ƙasa ta yi laushi, mata sun tattare zannuwa sun jeru har bakin zaure. Aka zaunar da ni a kan kujera 'yar tsugune. Ya Falmata ta warware ɗankwalin da duk unguwa ba ta taɓa ganin ƙarƙashinsa ba, ta fara tsifa. Na runtse ido, ina jin abin yana sauka a kafaɗata, ga shi kuma don rashin dabara zani mai duhu na ɗaura.

Hajiya Kulu ta matso da ƙwarya. Na ga ƙafafunta da lalle a gabana. Ta daɗe a tsaye ba ta zuba ba. Na ce a raina shi ke nan, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Sai na ji ta sunkuyo daidai kunnena.

"Ai ya ragu sosai, 'yar nan."

Na buɗe ido. Na ce, "Hajiya?"

"Jikata tana ajinki. Kin san sunan da yara suke kiranki? Malama Kalangu. Ranar da kika zo gaishe ni ma, kina durƙushe kina ta dukan kai. Na ce wa Abdulfattah, yarinyar nan amosani ke cin ta, ba ta da mai duba mata."

Wato duk shekarun nan da nake dahuwa a cikin hula da ɗankwali da hijabi, har 'yan aji uku sun sani. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuska. Amma ba kunyar ce ta karya ni ba, maganarta ta ƙarshe ce, wai ba ni da mai duba min.

Ta yi bismilla ta zuba ruwan. A al'ada daga nan sai ta koma gefe. Maimakon haka sai ta miƙa wa wata ƙwaryar, ta cire zobbanta, ta ce, "Falmata, ɗan matsa." Ta ja kujera ta zauna a bayana, ta kafa ni a tsakanin gwiwoyinta, ta ɗebi kumfar magarya ta fara murzawa tun daga goshi.

Kuka ya ƙwace min, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da mahaifiyata. Mata suka ɗauka kukan amarci ne, wata ta rangaɗa guɗa. Hajiya ba ta hana ni ba, ba ta kuma daina wankin ba. Da ta zo ƙeya ta ɗan danna kaina ƙasa, ta ce, "Ranar Juma'a, in kin gama aikin gida, ki taho da matajinki."